Noman Kayan Lambu a Tsakanin Rake da Tasirinsa ga Amfanin Gona



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano a watannin sanyi, ya kuma ga motoci shaƙe da rake suna fitowa daga fadamun ƙasar Makarfi, ya san rake ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ana shansa ɗanye, ana matse shi a yi mazarƙwaila, masana'antu kuma suna yin sukari da shi. Abin da ba kowa ne ya lura da shi ba, shi ne tsawon jiran da manomi yakan yi kafin raken ya isa kasuwa. Gero yakan nuna cikin wata uku, masara cikin wata uku zuwa huɗu, amma rake sai ya yi wata 10 zuwa 12 a gona, wani ma har ya zarce haka.

A duk tsawon wannan lokaci manomi kashewa kawai yake yi. Ya sayi iri, ya biya 'yan ƙwadago, ya sayi taki, ya zuba wa injin ban ruwa mai, alhali fadamar da ya ɗaure da raken ita ce mafi daraja cikin gonakinsa. Idan wata larura ta taso a tsakiyar shekara, sai ya ci bashi, ko ya sayar wa dillali da raken yana tsaye a gona kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Saboda haka tambayar da wannan lacca za ta duba ita ce: shin manomi zai iya shuka kayan lambu a tsakanin layukan rakensa, ya sami kuɗi da cefane tun da wuri, ba tare da ya rage yawan raken da zai sara a ƙarshen shekara ba? Amsar a taƙaice ita ce zai iya, bisa sharaɗin kayan lambun su tashi daga gonar kafin raken ya bukaci wurin. Sauran bayanin duka a kan wannan sharaɗi ya rataya.

Yadda rake yake girma

Rake ɗan gidan ciyawa ne, dangin dawa da masara, asalinsa kuwa daga tsibirin Niu Gini. Ba ƙwaya ake shukawa ba, karan ake yankawa gunduwa-gunduwa, kowace da ido biyu ko uku, a binne a kwarin kunya. Masana sun kasa rayuwarsa kashi huɗu. Na farko tsira, wanda yakan ɗauki mako uku zuwa shida gwargwadon ɗumin ƙasa. Na biyu haihuwa, watau lokacin da tsiro ɗaya yake fitar da 'ya'ya daga gindinsa, wannan kuwa yakan kai har wajen kwana 120 daga ranar dashe. Na uku miƙewa, sa'ad da karan yake ƙara gaɓoɓi da kauri cikin sauri. Na huɗu nuna, sa'ad da girma ya tsaya, zaƙi ya taru a cikin kara.

A kashi na farko da na biyu rake ba ya rufe ƙasa. Tsakanin layi da layi akan bar santimita 90 ko fiye, wannan fili kuwa yana nan a buɗe har wata uku ko huɗu. Rana tana dukansa, ruwan da aka ba gonar yana jiƙa shi, ba mai morar abin sai ciyawa. Manomi kuma dole ya biya kuɗi a nome ciyawar sau biyu ko sau uku. Ashe ke nan akwai wata gona a cikin gonar rake, wadda take zaune banza kusan sulusin shekara.

Amma fa wannan lokaci da filin yake a buɗe, shi ne kuma lokacin da rake ya fi rauni. Yawan raken da za a sara ya dogara ga abu biyu, watau adadin karan da suka kai sara, da nauyin kowane kara. Adadin kara a lokacin haihuwa ake yanke shi, haihuwar kuwa ba ta yin kyau sai hasken rana yana isa gindin tsiron. In wata shuka ta yi masa inuwa a wannan lokaci, 'ya'yan da zai fitar sai su ragu, waɗanda suka fito a makare kuma su mutu. Takin da za a zuba daga baya yana iya ƙara wa karan da ya rayu kauri, amma da wuya ya mayar da wanda bai fito ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, gonar rake ma tun tana wata huɗu ake sanin abin da za ta bayar.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Ƙasar da ta fi daɗewa tana gwada wannan aiki a kimiyyance ita ce Indiya, wadda ita ce ta biyu a duniya wajen noman rake, bayan Barazil. Tana da cibiyar kyautata irin rake a Koyimbatur tun 1912, da cibiyar binciken noman rake a Lakno tun 1952. A arewacin ƙasar, musamman jihar Uttar Pradesh, an gano cewa raken da aka dasa a watan Oktoba ya fi wanda aka dasa a Fabrairu ko Maris yawan amfani. Duk da haka manoma ba su so dashen Oktoba ba, domin yana hana su noman da suka saba yi da sanyi. Maganin da aka samo shi ne a haɗa biyun a gona ɗaya. Sanyin Disamba da Janairu yakan sa rake ya kusa tsayawa cik, a daidai lokacin da dankalin Turawa da albasa da tafarnuwa suke jin daɗinsu. Kafin zafi ya dawo raken ya farka, an riga an tone dankalin.

Gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa a can sun nuna abu guda. Dankalin Turawa da albasa da tafarnuwa ba su cika rage rake ba, wani lokaci ma raken da aka haɗa da dankali yakan fi na kaɗaici, saboda ragowar takin dankalin da kuma sassauta ƙasa da ake yi wajen tono. Alkama da masara kuwa sukan rage shi, domin suna yin tsawo, suna cin taki irin wanda yake ci, suna kuma daɗewa a gona.

Misali na biyu shi ne tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya. Ƙasa ce ƙarama wadda rake ya mamaye mafi yawan gonakinta, har ya zama tana sayar da sukari waje tana sayo abinci. Da yake ba wani daji da za a share, sai cibiyar binciken sukari ta ƙasar, wadda aka kafa a 1953, ta dukufa kan neman yadda za a noma abinci a tsakanin layukan rake. Ta haka aka riƙa noman dankalin Turawa da tumatir da gyaɗa da wake da masara a cikin gandayen rake. A can ma dankali ne ya fi zama lafiya da rake, masara kuwa sai da aka nemo iri gajere mai saurin nuna, aka kuma rage yawan layukanta. A Masar ta Kudu, inda ƙasar noma ba ta wuce bakin Kogin Nilu ba, manoman rake sukan haɗa shi da albasa da tafarnuwa da tumatir da waken ful saboda wannan dalili na ƙarancin fili.

Shi kansa haɗa shuka ba sabon abu ba ne ga manomin ƙasar Hausa. Gero da dawa da wake a gona ɗaya, shi ne noman da aka gada. A shekarun 1966 da 1967 wani masanin tattalin arzikin gona mai suna David Norman, wanda ya yi aiki a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi diddigin manoma a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau. Ya tarar mafi yawan gonakinsu haɗe ake shuka su, kuma abin da eka ɗaya ta haɗi take kawowa ya fi na shuka guda, bai kuma cika tashi da faɗuwa daga shekara zuwa shekara ba. A lokacin ana yi wa wannan noma kallon rashin wayewa, sai binciken ya nuna lissafi ne. Abin da ya rage shi ne a ɗauki wannan hikima ta gonar tudu a auna ta da kyau a fadamar rake.

Wanda ya dace da wanda bai dace ba

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da siffofi huɗu na shukar da ta dace da rake. Ta zama gajeruwa, don kada ta yi masa inuwa. Ta zama mai saurin nuna, a kwashe ta cikin kwana 90 zuwa 120. Ta zama ba mai yaɗo ba, don kada ta nannaɗe tsiron. Sa'an nan kada ta zama danginsa, don kada su yi tarayya a cuta da ƙwari.

In aka auna kayan lambun da aka saba da su da wannan ma'auni, albasa ce a gaba. Ganyenta siriri ne a tsaye, saiwarta ba ta nisa, tana kuma nuna cikin wata uku zuwa huɗu bayan dashe. Tafarnuwa haka take, sai dai takan ɗan fi daɗewa. Alayyafo da latas sun fi kowa sauri, domin cikin mako huɗu zuwa takwas an cire su. Karas da kabeji da dankalin Turawa, inda sanyi ya ishe su, sukan tashi cikin kimanin wata uku. Wake gajere mai kwana 60 zuwa 70 yana da wata fa'ida ta daban, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙulluttan saiwarsa suna samo masa sinadarin naitirojin daga iska, saboda haka ba ya ƙwace wa rake da yawa, in an binne harawarsa kuma ƙasa ta ƙaru.

Tumatir da kuɓewa suna tsaka-tsaki. Sukan fara ba da 'ya'ya cikin wata biyu zuwa biyu da rabi, amma tsinkarsu tana jan lokaci, kuma a nan ne kwaɗayi yake shiga. Manomi yakan ga kasuwa ta yi kyau, ya ƙi cire su, ya jinkirta huɗar da raken yake bukata, har lokacin haihuwa ya wuce. Tattasai da attarugu da barkono sun fi su daɗewa, saboda haka sun fi dacewa da bakin gona. Kabewa da kankana da gurji masu yaɗo ne, ba su dace ba sai inda layuka suke da faɗi ƙwarai, ana kuma juyar da yaɗon daga kan raken. Masara da dawa su ne mafi haɗari, domin ban da inuwa, tsutsar karan da take cin su ita ce take huda rake, kuma cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare, wadda ƙwarin darɓa suke yaɗawa, tana kama su duka.

Akwai wani abin lura game da yanayi. Rake ya fi son ɗumi, girmansa kuwa yakan ja baya idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Hunturun arewacin Nijeriya bai kai sanyin arewacin Indiya ba, amma darensa yakan sauka ƙasa da haka. Manomin da ya dasa rake wajen Nuwamba zai ga yana tafiyar hawainiya har Fabrairu, watannin da albasa da latas da kabeji suka fi so. Wanda ya dasa da bazara kuwa, rakensa zai rufe ƙasa da wuri, saboda haka sai ya zaɓi mai saurin tashi kamar alayyafo ko wake. Haka nan gyauron rake, watau wanda ya sake tohowa bayan sara, ya fi sabon dashe saurin rufe ƙasa domin saiwarsa ta riga ta kafu, lokacin da yake bari ga kayan lambu kaɗan ne.

Yadda ake auna riba

Masana suna da wani lissafi mai sauƙi na gane ko haɗin ya yi amfani, wanda Mead da Willey suka daidaita bayaninsa a 1980. Ana duba abin da kowace shuka ta bayar a haɗe, a raba shi da abin da takan bayar ita kaɗai a fili mai girma ɗaya, sa'an nan a tara. Ga misali da alƙaluman da aka ƙaga don sauƙin fahimta. A ce gona takan ba da dami 100 na rake in shi kaɗai ne, da aka sa albasa ta ba da dami 90. Rabon rake ya zama 0.9. A ce da albasa kaɗai aka shuka za a sami buhu 40, a haɗe kuwa aka sami buhu 20. Rabon albasa ya zama 0.5. Jimla 1.4 ke nan. Ma'anarsa, sai manomi ya nome eka ɗaya da kusan rabi a rarrabe kafin ya sami abin da eka ɗaya ta ba shi a haɗe. Duk jimlar da ta haura ɗaya, haɗin ya yi tattalin ƙasa.

Sai dai wannan lissafi ƙasa yake aunawa, ba aljihu ba. Dole a sake tambaya: kuɗin buhu 20 na albasa, bayan an cire na iri da taki da ƙwadago, ya fi kuɗin dami 10 na raken da aka rasa? Albasar da aka kwashe a Maris takan tarar da kasuwa a cike, wanda yake da rumbun ajiya ne yake cin ribarta da damina. Tumatir ba ya ajiyuwa ɗanye, in kasuwa ta faɗi sai a yanka a shanya. Har ila yau akwai abin da lissafin ba ya nunawa, watau darajar kuɗin da ya shigo a wata na huɗu. Shi ne yake sayen takin raken a kan kari, shi ne kuma yake hana sayar da gona a tsaye.

Tsarin gona

Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda, sai an yi dabara. Dabara ta farko ita ce tazarar layuka. Maimakon a jera su santimita 90 daidai wa daida, sai a haɗa su bibbiyu, a bar santimita 60 tsakanin tagwayen, a bar santimita 120 kafin tagwaye na gaba. In aka tara 60 da 120 aka raba biyu, 90 za a samu, saboda haka yawan layukan rake a gonar bai ragu ba, amma an sami fili mai faɗi na kayan lambu, wanda kuma zai daɗe bai shiga inuwa ba. A bar aƙalla taƙi ɗaya ko biyu tsakanin layin rake da layin farko na kayan lambu.

Ta biyu ita ce taki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba takin shuka ɗaya a sa ran zai ciyar da biyu. Kowace a ba ta nata. Kuma a gama ba rake takin yuriya cikin watanni uku zuwa huɗu na farko, domin naitirojin da ya zo a makare yana sa ganye ya yi ta fita, zaƙi ya ragu. Da zarar an kwashe kayan lambu sai a zuba kason ƙarshe, a yi huɗa.

Ta uku ita ce ruwa. Rake yana bukatar milimita 1,500 zuwa 2,500 a shekara, ruwan saman ƙasar Kano da Zazzau kuwa bai kai haka ba, shi ya sa ba a nomansa sai a fadama ko inda ake ban ruwa. Kayan lambu suna son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Albasa kuma tana son a ɗauke mata ruwa kimanin mako biyu kafin cira, don ta ajiyu, alhali rake yana tsakiyar ƙishi. Maganin wannan shi ne a dasa albasa a kan tudun kunya, rake a kwari, yadda za a iya shayar da ɗaya ba tare da an jiƙa ɗayan ba.

Ta huɗu ita ce maganin ciyawa. Magungunan da aka saba fesa wa rake, irin su atirazin da dayuron, suna kashe yawancin kayan lambu, kuma suna daɗewa a ƙasa. Wanda ya yi niyyar haɗi sai ya haƙura da su, ya dogara ga fartanya. A ƙasa mai yashi kuma a yi hattara da maimaita tumatir da kuɓewa shekara bayan shekara, domin suna haɓaka ƙananan tsutsotsin da ke kumbura saiwa, waɗanda rake ma bai tsira daga gare su ba.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Nijeriya ta fara yin sukari a Bacita a 1964, an kafa kamfanin Savannah na Numan a 1971, an kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, an amince da babban tsarin wadata ƙasa da sukari a 2012, an kuma buɗe masana'antar Sunti a Jihar Neja a 2018. Duk da haka mafi yawan sukarin da ake sha daga waje ake shigo da ɗanyensa. Masana'anta ba ta wadatuwa da gandunta kaɗai, sai ƙananan manoma na kewaye sun yarda su noma mata. Ƙaramin manomi kuwa da wuya ya ba da gonarsa shekara guda ga abin da ba ya shiga tukunya. In aka yarda masa ya sa albasa ko wake a tsakani, aka tsara layuka da taki yadda nauyin rake da zaƙinsa ba za su taɓu ba, an kawar da babban dalilinsa na ƙin yarda.

Akwai aiki a gaban Cibiyar Binciken Hatsi ta Baɗeggi, wadda binciken rake yake hannunta, da Cibiyar Samaru, da sassan aikin gona na jami'o'i. Sakamakon Indiya da Morishus jagora ne kurum, domin raken sha na fadama ya bambanta da raken masana'anta, kuma mai sayensa kauri da tsawon gaɓa yake dubawa. Ana bukatar gwaji a fadamun manoma su kansu, fegi uku a jere: rake kaɗai, kayan lambu kaɗai, da haɗin biyun. A ƙidaya 'ya'yan rake a wata na huɗu, a ƙidaya kara ranar sara, a auna nauyi, a rubuta kuɗin da ya fita da wanda ya shigo. Wannan aiki ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya yi, malamin gona kuma ya tara manoma su gani da idonsu, tun da gani ya kori ji.

Kammalawa

Rake yana barin rabin gonarsa a buɗe wata uku zuwa huɗu, kuma a cikin waɗannan watanni ne yake yanke adadin karan da zai bayar. Shukar da ta shiga wannan fili tana gajeruwa, aka ba ta takinta, aka cire ta kafin kwana 120, takan bar raken kusan yadda yake, ta kuma ba manomi girbi na biyu. Wadda ta yi tsawo, ko ta yi yaɗo, ko aka bar ta ta wuce lokacinta, daga jikin raken ake biyan kuɗinta. Saboda haka shawarar da ta kamaci malamin gona ya kai wa mai fadama ita ce, ya fara da kashi ɗaya na gonarsa, ya zaɓi albasa ko wake, ya kuma sa ranar cirewa tun ranar da ya dasa.